Masaukin Baƙi a Akwati na Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a birnin Gent.
Ruwa na dukan tagogin hawa na huɗu,
ni da ɓeraye sittin da kukan injin iska muke gadi.
Na zura safar hannu, na jawo akwati na sha bakwai.
Ga ka nan, kana wanke fuska hannu bibbiyu
kamar mai shirin fita unguwa.

Ba ka san kana da baƙi ba.

Tsaya ka ji asalinsu.
Achiel sunan tsohon. Shekara talatin da ɗaya
yana jan taragon lantarki daga tasha zuwa bakin kogi,
bai taɓa tsallake mahaɗa ba.
Yau tsakanin gado da kicin yake ɓacewa.
Tun hankali bai gama yi masa sallama ba
ya sa hannu a takarda, Godelieve na dafe da gefenta,
ya ba mu fatar damtsensa,
ɗan yanki da bai kai ƙwayar wake ba.

Daga nan muka mai da ƙwayoyin halittarsa jarirai,
muka yi ta lallashi wata da watanni
har suka zama masu sharar ƙwaƙwalwa,
irin waɗanda ba su san barci ba,
masu miƙa siraran yatsu cikin duhu
suna laluben abin da ya lalace, su haɗiye, su yi gaba.

A faranti kuwa sai suka ƙi.
Suka naɗe hannu, suka kumbura, suka manta sana'a.
Wannes ya cire tabarau ya murza ido, ya ce,
wa zai yi shara inda babu ɗaki?

Shi ne muka nema musu masauki.
Kwananka huɗu a duniya, jajir, ido a liƙe,
nauyinka bai kai na makullin kekena ba.
Na riƙe numfashi, allura ta shiga, ta fita.
Na mai da kai jikin uwarka, ta shinshina, ta karɓa.

An ce baƙo raɓa ne.
Waɗannan rana ta fito ta same su sun kafa gida.
Na gan su a ƙwaƙwalwar yayyenka, ƙarƙashin madubi,
kore shar, sun bazu har lungu,
hannayen da suka naɗe duk sun warware.
Mai su yana can yana mantuwa,
su sun zo kan ɓera sun tuna.

Sun yi wa dunƙulen dattin nan zobe,
irin wanda ya toshe wa Achiel hanyoyinsa.
Wasu na ci. Wasu sun ƙoshi sun fusata,
suna cizon maƙwabtan da ba su ci ba, ba su sha ba.
Gobarar suka zo kashewa, ko su ke hura ta?
Shekara uku ke nan ina tambaya.
In ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Yafe mini karin maganar, ba da kai nake ba.

Jiya Godelieve ta bugo waya.
Ba magani ta tambaya ba, ta san ba zai riske shi ba.
Cewa ta yi, suna aiki kuwa?
Don shi mutum ne mai tsabta, ko cokali ba ya bari ya kwana.
Na ce mata suna yi.

Lambarka na kan allo, ranar Alhamis.
Da hannuna na rubuta,
da hannun nan zan yi abin da ya rage.
Ga ƙwayar sunfulawa guda, ba ta cikin tsari, ci maza.

Biyar saura, taragon farko ya ratsa ƙasan bene
yana kaɗa ƙararrawa a kan jiƙaƙƙen ƙarfe.
Ka daina tauna. Ka ɗaga kunne.

Na sani, kowane ɓera haka yake yi in ya ji ƙara.
Na sani sarai.
Ban rubuta a littafi ba,
amma ban rufe akwatin ba sai da ya sha kwana.